Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa aka mayar da matuƙan jiragen yaƙin Amurka aji a Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗan bibiyar tarihin yaƙin duniya na biyu, sai na ci karo da maganar cewa sojojin saman Amurka masu jefa bama-bamai in sun isa Ingila ba a tura su fagen daga kai tsaye, sai an sake zaunar da su a aji. To ni abun ya ɗaure min kai, mutum ya gama koyon tuƙin jirgi a ƙasarsu har an ba shi shaida, me kuma za'a koya masa a ƙasar wasu ana tsaka da yaƙi? Ba ɓata lokaci ba ne kuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne, kuma ni a ganina ƴan kwanakin nan na aji sun ceci rayuka da yawa. Makarantar da ta fi suna ita ce ta filin jirgin Bovingdon, arewa maso yamma da Landan. A watan Agustan 1942 ƙungiya ta 92 ta jiragen B-17 ta sauka a wurin, sai shugabannin Runduna ta 8 ta sojan saman Amurka suka ɗora mata aikin horar da sabbin zuwa, da ta tashi zuwa Alconbury a farkon 1943 sai aka bar wani ɓangarenta a nan ya zama tushen cibiya ta 11 mai shirya masu maye gurbi. Ka lura da sunan fa, masu maye gurbi. Wanda ya shiga ajin nan ya san sau da yawa gadon da zai kwanta a sansaninsa na wani ne da ya tashi bai dawo ba.

To me za'a koya musu? Da yawansu sun yi horo ne a wurare irin su Texas da Arizona, sama garau, rana ƙwal, kana hango ƙasa tun daga nesa. Suna zuwa Ingila sai ga hazo da gajimare kusan kullum, ga filayen jirage a gabashin ƙasar sun yi kusa da juna sosai, da asuba ɗaruruwan jirage su tashi kowa na laluben ƴan uwansa a cikin gajimare domin a haɗu a jera, kuma an sha yin karo a sama mutane su mutu tun ba su ga ko inuwar abokin gaba ba. Dole mai duba hanya ya koyi na'urar Gee ta Turawan Ingila mai nuna inda jirgi yake ta hanyar siginar rediyo, mai rediyo ya koyi tsarin kiransu, matuƙi kuma ya koyi tafiya fiffike kusa da fiffike a cikin jerin da wani kwamandansu Curtis LeMay ya tsara, inda bindigogin kowane jirgi ke kare na kusa da shi. Wanda ya yi sakaci ya fita daga jeri shi jiragen Jamus ke fara rufarwa.

Sannan ga sanyi, wannan kam in na tuna shi har tausayi nake ji. B-17 na ɗaukar mutum goma ne, matuƙi da mataimakinsa, mai duba hanya, mai sakin bam, injiniya, mai rediyo da masu bindiga huɗu, yawancinsu samari ƴan shekara ashirin da ɗoriya, wasu ma ba su kai ba. Suna tafiya ne a wajen ƙafa 25,000 inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili, in ka cire safar hannu ka taɓa bindiga fatarka sai ta manne da ƙarfen, in takunkumin oksijin ya toshe da ƙanƙara mutum ya sume cikin mintoci kaɗan ba tare da ya ma san me ke faruwa ba. Irin waɗannan abubuwa ba a littafi ake jin su ba, shi yasa da tafiya ta yi tafiya aka riƙa kawo waɗanda suka cika zagayensu na hari 25 su tsaya gaban aji su faɗi abin da idonsu ya gani, ta ina jirgin Jamus ke ɓullowa, ya ake sauka a kan teku, me za ka yi in ka diro da laima a Faransa. Masu bindiga kuwa ana kai su Snettisham a bakin teku su gyara hannu.

In kana son ka gane dalilin wannan wahala duba yadda abin ya ƙazanta. Harin farko na manyan jiragensu, wanda aka kai kan Rouen ta Faransa ran 17 ga Agustan 1942, jirage 12 ne kuma duk sun dawo lafiya. Ran 14 ga Oktoban 1943 kuwa, a hari na biyu kan Schweinfurt ta Jamus, jirage 60 ne ba su dawo ba a yini ɗaya, wato mutum kusan 600. Kafin a gama yaƙin Runduna ta 8 ta rasa mutum wajen 26,000.

TAMBAYA: Malam ita kaɗai ce makarantar, kuma tana nan har yanzu?

AMSA: A'a ɗan uwa, ba ita kaɗai ba ce. Masu jirgin B-24 an yi musu tasu a Cheddington, da sabbin zuwa suka yi yawa kuma aka buɗe wasu a Arewacin Ireland, irin su Toome da Cluntoe da Greencastle. Ta Bovingdon an rufe ta a watan Satumban 1944, filin ya koma hannun jiragen sufuri. Yanzu ba filin soja ba ne kuma, a wani ɓangarensa ma an gina gidan yari da ake kira The Mount.