Malam, kada ka biya kuɗin rauta sai ka gwada a ɗakinka

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana koyarwa a wani ƙauye bayan Jahun, ka shiga karatun NOUN, jami'ar karatu daga gida, ka gaji da hawa babur zuwa cikin gari duk lokacin da aikin makaranta ya taso, kana so ka sa intanet a gida amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin MTN da Airtel da Glo, ko kuwa ka daure ka tara kuɗin Starlink. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin halin da muka shiga ke nan ni da uwargida a nan ƙasar Ringim. Ita ma karatun take yi, kuma har yanzu in na tuna abin da ya same mu raina sai ya ɓaci.

'Yan uwa da suka riga ni amsa maka a nan, kowa ya kawo maka sunan kamfaninsa. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ya gani a ɗakinsa ya faɗa. Sai dai wanda ke zaune a Hotoro ko a Takur cikin Dutse bai san abin da zai kama a tsakar gidanka ba. Mu nan komai ya rataya ne a kan ƙarfen sabis: na wane kamfani ne ya fi kusa da kai, yana da 4G ko babu, ana zuba masa man dizal a kan lokaci ko sai ya kwana a mace. Akwai garin da ke kusa da mu, tafiyar ƙafa ce, layin da ke gudu a can ko saƙon WhatsApp ba ya fitarwa a gidana. Saboda haka ka ari layukan maƙwabta da abokan aiki, ka sa su ɗaya bayan ɗaya a waya mai 4G, a cikin ɗakin da za ka riƙa zama kana karatun. Gani ya kori ji. Kada sandunan nan da ke saman waya su ruɗe ka, suna iya cika fal amma shafi ya yi ta juyawa. Ka buɗe shafin makarantarku, ka tura takarda, ka kira wani ta bidiyo. Kuma ka gwada bayan Isha, lokacin da duk garin ya hau waya, domin da asuba kowane layi gwani ne. Mu da ke kusa da Gujungu mun san ranar kasuwa ma daban take, jama'a sun cika, kowa da wayarsa, masu POS na ta fama.

Amma abin da ya sa na tashi rubutun nan shi ne mutumin da za ka sayi rauta a hannunsa, wato na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet a cikin gida. Don Allah ka saurare ni a nan.

Wani yaro ne ya kawo mana tamu, wakilin wani kamfani da ba zan kira sunansa ba. Ɗan garinmu ne, sahu ɗaya nake tsayawa da mahaifinsa a masallaci. Ya zo har zaure da rauta a kwali, ya ce an riga an yi wa layin rajista, mu dai mu kunna kawai. Ya hau ya ɗaura mana eriya a kan gora, ta kama tar. Uwargida ta yi murna sosai, ta daina jiran in dawo daga aiki in kai ta bakin titi. Da dare in yara sun yi barci sai ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kwamfutarta. Da ta ga abin ya zauna, ta sayar da tunkiyar da ta daɗe tana kiwo, ta ce a zuba data ta watanni a huta, tunda yaron ya ce hakan ya fi sauƙi. Shi ya karɓi kuɗin da hannunsa ya zuba.

A 2024, lokacin da aka shiga rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, muka wayi gari fitilar rauta ta koma ja. Ranar ce kuma ranar ƙarshe ta tura aikinta na makaranta. Na kira yaron bai ɗauka ba. Na je gidansu aka ce ya tafi Kano. Na ce to bari in sa wani layin a ciki, sai rautar ta ƙi karɓa, ashe a kulle take, layin kamfaninsu kaɗai take ci, wannan ma bai taɓa gaya mana ba. Wayoyinmu kuwa ba sa kama komai a cikin gida, shi ya sa tun farko muka nemi rautar. Bayan Isha na ɗauke ta a babur, goyo a bayanta, kwamfuta a cikin buhun shinkafa don ƙura, muka je bakin kwalta inda ake samun sabis. Ta zauna a kan dakalin wani shago da aka rufe, ni ina tsaye ina ɗaga waya sama ina haska mata madannai da tocila. Shafin ya buɗe, ta amsa tambaya, ya tsaya. Ta sake, ya sake tsayawa. Yaro ya tashi yana kuka, sauro ya dame shi. Batirin kwamfutar nan tsoho ne, muna kallo yana sauka har ta ɗauke. Ba ta ce komai ba, ta rufe ta ta mayar cikin buhu. A hanyar dawowa ne na ji bayan rigata ya jiƙe. Malam, mace ce da ke tashi ta yi girki ta yi wanki ta ɗebo ruwa, sannan ta hana idonta barci don karatun nan. Makin wannan aikin haka ya tafi.

Da na je ofishin kamfanin a birni suka duba, suka ce layin ba nawa ba ne, sunan wata mata ne a kai daga wata jiha can daban, kuma ba za su taɓa shi ba sai mai shi ta zo da kanta. Ban ga laifinsu a wannan ba, doka ce. Datar da aka zuba da kuɗin tunkiya tana ciki, ba hanyar ciro ta. Shi kuwa yaron da ya dawo, ko kunya babu, cewa ya yi ai ba shi ya rufe ba, gwamnati ce. Na ce to sunan wa ka sa? Ya ce haka aka ba shi su. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na so in kai maganar gaban mai unguwa, uwargida ta hana, ta ce mahaifinsa dattijo ne kada a kunyata shi. Na bar shi don ita. Amma har gobe ina ganinsa ranar kasuwa da kwalaye a bayan babur yana sayar wa bayin Allah, kuma in mun haɗu gaishe ni yake yi kamar ba a yi komai ba. Wannan gaisuwar ta fi asarar kuɗin ci mini rai. Na yafe masa kuɗin, hawayenta ne ban iya yafewa ba tukuna, Allah Ya sani.

Don haka layin da za a sa a rautarka, ka je da kanka da lambar NIN ɗinka, a ɗauki hotonka da yatsunka a gabanka. Duk wanda ya ce maka "an riga an yi", mayar masa da kayansa ko ɗan wane ne. Ka karɓi rasit. Kuma ka tambaya ƙarara: tana cin kowane layi ko a kulle take? Ta kamfani ta fi araha, sau da yawa har da kyautar data a farko, amma ranar da ƙarfensu ya mutu kai ma ka mutu. Wadda muke da ita yanzu mai cin kowane layi ce, na ajiye layi biyu, in ɗaya ya yi sanyi in sauya. Ka duba bayanta kuma ko tana da wurin ɗaura eriyar waje, domin kwanon rufi da katangar ƙasa mai kauri suna cinye sabis. Wani lokaci ɗaga ta kawai zuwa taga mai kallon ƙarfen ya isa.

Wuta fa? Ba ka ce komai a kai ba, kuma ka san yadda muke da KEDCO a ƙauye, in ma akwai turakun. Rauta ba ta shan wuta sosai, yawancinsu bolt 12 ne, ƙaramar sola da batir ɗaya sun riƙe ta. Akwai ma wata 'yar waya da ake haɗa ta da fawa-bank. In kai kaɗai ne za ka yi amfani, 'yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir a jiki tana iya isar ka, sai dai ba ta kai babbar jan sabis ba, kuma zafin watan Afrilu yana kumbura mata batir in an bar ta a caji. Da damina in hadari ya haɗu ka cire wayar eriya. Maƙwabcina tsawa ta ƙona masa tasa har da talabijin.

Starlink kuwa, tun da ya shigo Najeriya a farkon 2023 nake jin labarinsa, kuma na gani da idona a wani shagon buga takardu. Gaskiya yana gudu, ba ruwansa da ƙarfen sabis tunda daga tauraron ɗan'adam yake ɗauka, abin da yake so kawai sarari, kada bishiya ko gini su tare shi. Amma kayan kaɗai ɗaruruwan dubban naira ne, kuɗin wata kuma zai cinye babban kaso na albashin malamin makaranta, ga shi yana shan wuta ninkin abin da rauta ke sha sau da yawa, sai ka ƙara sola da inbata. In hadari ya yi nauyi shi ma yakan yanke na ɗan lokaci. Ni ban ga dalilin da mai iyali zai ɗora wa kansa wannan shi kaɗai ba. In akwai mai POS da mai kemis da wasu malamai kusa da kai, ku haɗa kuɗi, wannan magana ce. Amma ku rubuta wa zai biya nawa kuma yaushe, a gaban shaidu, domin na ga yadda kuɗin taransifoma ya raba zumunci a unguwarmu. Wanda ya ce maka ka nemi wayar faiba ko 5G, yana maganar cikin birni ne, kada ka ƙara kuɗi don rauta mai 5G alhali ƙarfen garinku bai san da ita ba.

Sai maganar data marar iyaka. Ka sa a karanta maka ƙananan rubutun. Yawanci akwai gejin da in ka kai sai a rage maka gudu, ka ga akwai data amma bidiyon darasi ba ya motsi. Fara da ta wata ɗaya, mafi ƙanƙanta da za ta ishe ka, ka ga yadda gidanka ke ci. Kada ka zuba ta watanni, ko da an ce ta fi sauƙi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 komai ya tashi, ga man babur tun cire tallafi a 2023 ba a magana, talaka ko ta ina a matse yake. Mu da muke ƙauye mu ne ke biyan kuɗi ɗaya da na birni muna samun rabin aiki, kuma in lokacin zaɓe ya zo kowa sai ya yi alkawarin kawo ci gaba. Wani lokaci ɓarayi ne ma ke kwashe batiran ƙarfen, gari ya yi kwanaki a rufe, mai haihuwa ko mai ciwo a rasa yadda za a kira mota. Wannan ya fi karatu ma tsanani.

Ka riƙa duba abin da ya rage da *323#, saye kuma *312#, yanzu duk kamfanonin lamba ɗaya ce. In data na ƙarewa da wuri, kafin ka zargi kowa ka duba wayoyin gidan. Bidiyo mai kyan hoto yana iya cin giga ɗaya a sa'a guda. WhatsApp na sauke duk abin da aka turo da kansa, Facebook na kunna bidiyo ba a tambaye shi ba, kwamfuta kuma tana sabunta kanta a ɓoye. Duk ana kashe su a saiti. Lambar sirrin da ke manne a bayan rauta ka canza ta ran farko. Za ka ga samari sun fara zama a jikin katangarka da dare, kuma 'ya'yan 'yan uwa ne, hana su da wuya. Ni na gaya musu gaskiya, na karatun matata ne, wanda ke son duba sakamakon jarrabawa ya shigo in yi masa da hannuna. Naka yaran ma ka sa ido, abin da ke cikin TikTok ba duka ne na idonsu ba, mu muna kashe ta in za a kwanta.

In matsala ta taso, ka kira 300 ka kai ƙara wurin kamfanin, ka rubuta lambar ƙorafin da za su ba ka. In ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, kyauta ne, za su nemi waccan lambar. Amma duk wannan sai layin yana da sunanka.

Kuma ka gaya mana ta wane gefen Jahun kake, hanyar Gujungu ko ta Kiyawa, wataƙila akwai na kusa da kai a nan da zai ara maka rautarsa ka kwana da ita kafin ka fitar da ko sisi. In ba a samu ba ka yi mini magana, ranar da ba makaranta zan iya kawo maka tawa har gida. Allah Ya ba da sa'ar karatu, a gaida iyali.