Tambaya da Amsa: Za mu je kallon bishiyoyi a Ingila, anya ya cancanci wahalar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki. Dan Allah shawara nake nema, zamu je hutu Ingila da maigida da yara uku da Hajiya surukata, toh babban yarona ya gani a intanet wani waje wai Eden Project, manyan rumfuna masu kama da kumfar sabulu an cika su da tsirrai, ya nace sai mun je. Ni kuma gsky ina ganin me za a kalla a bishiya har a kwashi yara da tsohuwa mai ciwon gwiwa? Ƙaramar ma shekararta hudu.
Daga Maman Yara Uku

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Yaronki yana da ido, ku je, amma fa ki san abin da zaki tarar tun daga gida.

Wajen yana yankin Cornwall ne can kudu maso yammacin Ingila kusa da garin St Austell, kuma daga Landan a jirgin ƙasa tafiyar wajen awa huɗu ce ko fiye, dan haka kar ma ki sa a ranki wai zaku je da safe ku dawo da yamma da yara, ku kwana a can kawai. Asalin wurin tsohon rami ne da aka gama haƙar farar laka ta yin tangaran a ciki, aka mayar da shi lambu aka buɗe a 2001. Kinga kenan gangara ake yi ana shiga, a hau ana fita, wannan ne abin da zai dami Hajiya, ki tuntuɓe su kafin ranar ki nemi a ajiye mata keken guragu, kada a tsaya jin nauyi.

Rumfunan nan ba gilashi bane ma, wata irin leda ce mai ƙarfi da ake kira ETFE, an hura mata iska ta zama kamar matashin kai, an jera ta gida-gida kamar saƙar zuma. Hasken rana na ratsawa ya ɗumama ciki, zafin kuma ya rasa hanyar fita, shi yasa ayaba da koko da gahawa da bishiyar roba ke girma a ƙasar da sanyi zai kashe su a waje.

Yanzu ga inda mutane ke shan mamaki. Babbar rumfar, ta dajin ruwan sama, tsayinta ya kai mita 50 kuma zafin ciki kan kai digiri 35, ga ruwa ana fesawa ga wani yana gangarowa daga sama, iskar duk ta jiƙe sharkaf. Kar ki ce ai mun saba da zafi, wannan daban ne, saboda iskar ta riga ta ƙoshi da danshi gumin jiki baya bushewa, sai kiji kamar an rufe ki a banɗaki bayan wanka da ruwan zafi. Kuma abin haushin kin fito daga sanyin waje kin naɗe yara da rigunan sanyi, minti goma da shiga sun fara kuka. Ki sa musu kaya mara nauyi a ciki, rigar sanyi mai zif a sama yadda za a cire a tura jaka, kowa da gorar ruwansa. Mai tabarau kuma ya shirya, yana shiga zai yi hazo, haka ma kyamarar waya, a ɗan jira ta washe kafin hoto.

Ni da zan tsara muku, ku fara da mai zafin da safe tun yara na da ƙarfi kuma rana bata buɗe ba, tunda yadda ake hawa sama haka zafin ke ƙaruwa. Akwai gadar da ake bi ta saman bishiyoyi, manyan yaran zasu so ta sosai, Hajiya dai ta zauna a ƙasa da ƙaramar. Daga nan ku huce a ɗaya rumfar ta yanayin Bahar Rum, inda zaitun da inabi da lemo suke, can iskar a bushe take ba takura.

Batun me za a kalla kuwa, ki ba yaran aiki, kowa ya nemo bishiyar da wani abin da yake ci ko yake amfani da shi ya fito daga jikinta. Yaron da ya ga kwanson koko manne a jikin kututture aka ce masa daga nan cakulan take, wlh har ku dawo yana labari. A dai ja musu kunne ban da tsinka ko kai ganye baki.

In kuma kin ga tafiyar Cornwall zata yi wa Hajiya yawa, akwai lambun Kew a cikin Landan, da gidan gilashinsa na dabinai da aka kammala tun 1848, shima da ɗuminsa da danshinsa, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na kai mutum har kusa da ƙofa. Sai dai babu rumfunan kumfar da yaronki ya ƙwallafa rai a kai, wannan rigimar kuma ke da shi.