Shin kutsen kwamfuta da ake nunawa a wasannin talabijin gaskiya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske mutum zai yi ta buga madannai, cikin minti biyu ya shiga rumbun bayanan banki. Galibin abin ado ne don mai kallo. Koren rubutun nan da ke zuba a allo, da jan akwatin da ke ƙirga daƙiƙu, ba su da wani aiki a zahiri.

Aikin gaske sai da haƙuri. Mai kutse kan shafe makonni yana leƙen wace manhaja ce ba a sabunta ba, wane ma'aikaci ne zai ruɗu da imel na bogi. Sau da yawa ta hannun mutane ake shiga. A Yulin 2020, ta wayar tarho aka yaudari ma'aikatan Twitter har aka ƙwace shafukan Barack Obama da Elon Musk. A 2021 kuma, kalmar sirri ta wani tsohon asusu da ta faɗa hannun masu kutse ce ta jawo rufe bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka na kwanaki.

Wannan ƙarin gishirin yana damuna ƙwarai, domin yana sa mutane su ɗauka sai wani gwanin gwanaye ne zai cuce su, sai su saki jiki da saƙon da ke neman lambar sirrinsu.

In kana son wasan talabijin da ya kusanci gaskiya, duba Mr. Robot da aka fara nunawa a 2015. Masu shirya shi sun yi aiki da masana tsaron intanet, kuma kayan aikin da ake gani, irin su manhajar Kali Linux da ake gwada tsaron kwamfuta da ita, na gaske ne. Ko a can ma an taƙaita lokacin sosai.