Akwatin zaɓi ya ƙi nuna sunayen garuruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wani ɗan kasuwar hatsi a nan Maradi ƙaramar manhaja da Visual Basic. Na yi tebur na garuruwa, kowane gari da lambarsa, da wani tebur na masu saye. Na sa ComboBox, wato akwatin zaɓi, don akawu ya riƙa zaɓen gari, amma a maimakon sunaye sai System.Data.DataRowView ke fitowa. Na gaji, har ina tunanin barin akawun ya riƙa rubuta sunan da hannu. Daga wani ɗalibi a unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kada ka bar shi ya rubuta da hannu. Yau zai rubuta Tessaoua, gobe Tasawa, jibi Tessawa. Ranar da maigida ya nemi jimillar buhunan gero da aka kai can, kwamfuta za ta lissafa masa garuruwa uku. Na taɓa shafe kwana biyu a wani shago ina gyara irin wannan ɓarna, layi bayan layi, ban so ka ɗanɗana ta.

Wancan rubutu da kake gani, akwatin ne ka miƙa masa layi sukutum ba ka ce masa ga abin da zai nuna ba. A DisplayMember ka sa sunan ginshiƙin da ke ɗauke da sunayen garuruwa, a ValueMember ka sa na lamba, sannan daga ƙarshe ka ba shi teburin a DataSource. Ka duba rubutun harafi da harafi, don kuskuren harafi guda a DisplayMember ya isa ya dawo maka da matsalar.

Sai haɗa shi da teburin masu saye, inda da yawa ke tuntuɓe. Akawu suna yake gani, amma lamba ce za ta shiga ajiya. Saboda haka SelectedValue za ka ɗaura, ba Text ba:

cmbGari.DataBindings.Add("SelectedValue", bsMasuSaye, "LambarGari")

A nan cmbGari shi ne akwatin, bsMasuSaye kuma BindingSource ne na teburin masu saye, wato mahaɗin da ke tsakanin tebur da akwati, LambarGari kuwa ginshiƙin lambar gari ne a wannan teburin. Shi da ginshiƙin lamba na teburin garuruwa su zama iri ɗaya, lamba da lamba. In ɗaya lamba ne ɗaya rubutu, akwatin kan zauna fanko. Ka kuma mai da DropDownStyle ya koma DropDownList, yadda ba wanda zai iya buga komai a ciki. Ko nan gaba aka ce a gyara rubutun Gidan Rumji ko Madarunfa, wuri guda za ka taɓa.

Tunda harkar hatsi ce, na san za ka buƙaci akwati biyu, garin da aka ɗauko kaya da wanda za a kai. In tebur guda ka ba su kai tsaye, ka zaɓi Dakwaro a wannan sai wancan ma ya koma Dakwaro. Kowanne ka yi masa nasa BindingSource.