Tambaya da Amsa: Su wane ne "Haɓe"?

Tambaya: Malam, a littafin tarihin da muke karantawa a makaranta ana yawan cewa "sarakunan Haɓe", amma kakata, wadda Bahaushiya ce gaba da baya, ta ce ba ta yarda a kira ta da wannan suna ba. Shin Haɓe wata ƙabila ce dabam, ko kuwa Hausawa ake nufi?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: 'Yata, kakarki tana da hujja, domin Hausawa ba su suka raɗa wa kansu wannan suna ba. Kalmar Fulatanci ce: mutum ɗaya "kaaɗo", jam'i kuma "haaɓe", kamar yadda Bafulatani ɗaya yake "Pullo", masu yawa kuma "Fulɓe". Abin da take nufi a bakin masu ita shi ne wanda ba Bafulatani ba, musamman manoman da Fulani suka tarar a ƙasa suka zauna tare da su. Saboda haka ba Hausawa kaɗai ta shafa ba. A Mali, Fulani suna kiran mutanen Dogon na duwatsun Bandiyagara da wannan suna, har Faransawan farko da suka yi rubutu a kansu suka ɗauka shi ne sunan ƙabilar.

Abin da ya ba ta gindin zama a tarihinmu shi ne jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804. Da sarauta ta koma hannun masu tuta, wato waɗanda Shehu ya ba tutar jihadi, sai aka buƙaci sunan da zai bambanta tsofaffin gidajen sarauta da sababbi, aka ce waɗancan na Haɓe, waɗannan na Fulani, daga baya Turawan mulkin mallaka suka kwashe shi haka nan suka zuba a littattafai. Misali mafi kusa da ke shi ne na garinku. Sarkin Zazzau Makau ya fita daga Zariya ya nufi kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja, kuma har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinsa. Haka tsohon gidan Katsina ya kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri, duk a Jamhuriyar Nijar ta yau, alhali a Daura Turawa sun mayar da sarauta ga tsohon gidan.

Akwai kuskure guda da nake son ki kiyaye, domin yana damuna ƙwarai yadda ya yaɗu, wato ɗaukar cewa Haɓe na nufin waɗanda ba Musulmi ba. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yana cikin waɗanda littafinku zai kira sarakunan Haɓe, kuma shi ne ya karɓi baƙuncin Shehu Maghili, wanda ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake mulki bisa tafarkin Musulunci, shekara fiye da 300 kafin jihadi. Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya suna da sunansu, Maguzawa.

A ganina, idan kina amsa tambayar jarrabawa a kan gidajen sarauta, ba laifi ki rubuta "sarakunan Haɓe", ko da yake "sarakunan Hausa kafin jihadi" ya fi fito da ma'ana. Kiran mutum da shi ido da ido kuwa ya danganta da wanda ya faɗa da yadda ya faɗa. Bafulatanar da ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar gidanku, ta ce wa mai taya mata da arha "kai Kaɗo, ba ka san darajar nono ba", wasa take yi, shi ma zai rama da nasa. Wanda ya faɗe shi a wajen neman aure ko rikicin sarauta don ya nuna cewa asalin wani bai kai nasa ba, gori ya yi, kuma ina kyautata zaton irin wannan ne kakarki ta taɓa ji.