Kwale-kwale ne ko jirgin sintiri?

Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna, ya tambaya ko daidai ne a kira ƙananan jiragen da sojojin ruwa ke gadin gaɓar teku da su "kwale-kwale", ya kuma nemi ma'anar karin maganar nan: "kifi na ganinka mai jar koma".

Malam, ban yarda da wannan suna ba. Kwale-kwale na katako ne, ana tuƙa shi da filafili ko doguwar gora, irin wanda masunta da masu fito ke hawa a kogin Kaduna. Shi kuwa wanda kake nufi yana da injuna masu ƙarfi, da na'urar hangen nesa, da bindiga a girke a goshinsa. Sunan da ya dace da shi "jirgin sintiri", domin tun asali "jirgi" na ruwa ne a bakin Bahaushe, kafin zuwan na ƙasa da na sama. Kada ƙanƙantarsa ta sa a raina shi, don kuwa ita ce ke ba shi damar kutsawa cikin lungunan ruwan Neja Dalta, inda babban jirgin yaƙi zai maƙale. Najeriya ma tana ƙera irinsa a Legas: an ƙaddamar da Andoni a 2012, sai Karaduwa a 2016.

Karin maganar kuwa tana nufin wanda kake farauta yana ankare da kai, ya san takunka. Koma ita ce ragar kamun kifi, kuma masunci yakan ɗauka shi kaɗai ke kallo. Haka 'yan fashin teku da masu fasa-ƙwauri suke da jiragen sintiri. Sun san cewa dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta, kuma jirgin da ya biyo mai laifi dole ya dakata da zarar an tsallaka cikin ruwan wata ƙasa, saboda haka sai su sheƙa zuwa ruwan Benin ko na Kamaru. Don toshe wannan kafa ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka sa hannu kan yarjejeniyar Yawunde a 2013, wadda ta tanadi musayar bayanai da sintirin haɗin gwiwa a Mashigin Tekun Gini.