Amsa ga mai tambaya kan jitar da take tsage sauti a ƙaramar amfilifaya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wannan amsa ce ga ƙaninmu da ya turo tambaya jiya da daddare. Ya ce ya sauya jita, ya sayi mai fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) irin tagwayen nan, mai naɗi biyu da ake kira hambaka, kuma tun daga lokacin ƙaramar amfilifayarsa ta gwaji, mai wat 10, ta daina ba shi sauti mai tsabta. Da ya kaɗa da ɗan ƙarfi sai sautin ya tsage, ko da bai ƙure ƙara ba. Yana tambaya ko lasifikar ce ta fashe.

Ƙanina, kafin ka kai ta wurin mai gyara, ka sani a mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau. Abin da jitar take turowa ne ya fi ƙarfin bakin amfilifayar. Daga jita za a fara gyaran.

Fikof na irin wannan jitar maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. Tsirkiya tana kaɗawa a samansa, sai ya haifi 'yar wuta kaɗan. Fikof mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster ta kamfanin Fender, abin da yake fitarwa yakan tsaya wajen milibolt 100 zuwa 200. Hambaka mai zafi, wato mai fitar da wuta da yawa, yakan ninka haka. Super Distortion na kamfanin DiMarzio, alal misali, milibolt 425 suka rubuta masa. Kuma lokacin da ka daki tsirkiya shida gaba ɗaya, bugun farko yana haura wannan sosai. To ƙananan amfilifaya irin su Fender Frontman 10G ko Marshall MG10 na tiransisto ne. Matakin farko da ke karɓar sautin yana da iyaka, da an kai masa iyakar sai ya datse kan sautin. Wannan datsewar ita ce tsagewar da kake ji. Shi ya sa rage babbar ƙara ba ya magance ta, domin ɓarnar ta riga ta faru tun a ƙofa.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Mamurɗin ƙara na jikin jitar, sauke shi daga 10 zuwa 7, ka sake kaɗa abin da ka kaɗa ɗazu da ƙarfi iri ɗaya. In sautin ya washe, to an gano: fikof ne. In bai washe ba, ka sa abin sauraro na kunne a amfilifayar. Tsabta a kunne amma tsagewa a lasifika, wannan kam matsalar lasifika ce ko yawan bas, zan zo kansa.

Yanzu ainihin gyaran, wato tsayin fikof. Nan ne mutane da yawa ba sa dubawa, alhali sukudireba da rula kawai ake buƙata. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe cikin waɗanda aka jera a wuyan jita, can kusa da gangar jita. Kana danne da ita, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da kan ƙarfen fikof. Lallai a danne, in ka auna tana sake awon banza ka yi. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga mai naɗi ɗaya na yau da kullum shi ne milimita 2 ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, 1.6 ta ɓangaren siririya. Hambaka kuma 1.6 kowane gefe. Wannan mafari ne kawai, ba doka ba. Ga wanda yake da ƙaramar amfilifaya da hambaka mai zafi, ni a ganina ya sauke shi zuwa milimita 2.5 ko 3, musamman ta gefen masu kauri.

Sukurun da ke gefe biyu na fikof su ake juyawa. Rabin zagaye, ka kaɗa, ka saurara, sannan ka ƙara. Kada ka yi ta murzawa a tashi ɗaya. In fikof ɗin a jikin farantin roba ko zobe yake rataye, juyawa yadda hannun agogo ke tafiya ɗaga shi take yi, kishiyar haka kuma saukewa. In kuwa kai tsaye aka ɗaure shi a katako, abin akasi ne. Kuma ka lura, in ka sassauta da yawa sukurun zai zare, fikof ya faɗa rami, sai an cire tsirkiya kafin a ciro shi. Rubuta adadin zagayen da ka yi, don in bai yi maka ba ka iya komawa inda ka taso.

Fikof na wajen wuya ya kamata ya fi na wajen gada (inda tsirkiyoyi suke ɗaure a gangar jita) yin ƙasa, saboda tsirkiya ta fi yin lilo a can, don haka ya fi ƙara tun asali. Ka riƙa sauya makunni tsakanin su biyun har ƙararsu ta zo kusan ɗaya. Akwai kuma wata riba: fikof mai naɗi ɗaya in ya matso tsirkiya sosai, maganaɗisun yana jan ta, sai ka ji sautin yana rawa kamar murya biyu, ya mutu da wuri, saiti kuma ya ƙi zama a saman wuya. Saukewar tana kawar da wannan.

Sai ɓangaren amfilifaya. Wanda aka rubuta Gain a kansa shi ne yake ƙayyade yadda ake tura matakin farko, wanda aka rubuta Volume ko Master shi ne ƙarar ɗaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga na farko don neman ƙara. Sa Gain a 2 ko 3, ka nemi ƙararka da na biyun. Ka tabbata makunnin tsage sauti na ganganci a kashe yake, don ɗan ƙarami ne, hannu yakan danna shi ba a sani ba. In amfilifayarka tana da rami biyu, High da Low, ko 1 da 2, sa wayar a na biyu. A tsarin Fender na gargajiya ramin na biyu yana rage abin da ke shigowa da desibel 6, wato rabi.

Maganar bas. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, lasifika mai inci 6 kuwa ba ta da faɗin da za ta ɗauki wannan da ƙarfi. Hambaka yana da kauri dama, in ka ƙara masa bas a 7 ko 8 sai takardar lasifikar ta riƙa ɓarɓar. Mayar da bas 3 ko 4. Kuma ɗaga amfilifayar daga ƙasa, ɗora ta kan kujera ta fuskanci kunnenka, za ka ga ba ka ma buƙatar ƙarar da kake nema da.

Wani zai ce da ya rage mamurɗin jita sai sautin ya dushe, kaifinsa ya tafi. Gaskiya ne, haɗuwar mamurɗin da wayar ce take cinye kaifin, kuma doguwar waya ta fi ci. Don gwaji a ɗaki, waya mai mita 3 ta isa. Mai gyaran rediyo kuma zai iya liƙa maka kafasita mai nanofarad 1 tare da rizisto mai om dubu 150, a haɗe gefe da gefe, tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta mamurɗin. Da wannan, ko ka sauke zuwa 5 kaifin yana nan.

In kana so ka san irin fikof ɗinka, sa waya a jita, buɗe ƙara zuwa 10, sa mitar awon wuta irin ta masu gyara a kan om dubu 20, ka taɓa kan filogi da jikinsa. Wajen dubu 6 mai naɗi ɗaya ne, dubu 8 hambaka mai sanyi, dubu 13 zuwa 16 mai zafi. Awon yana nuna hanya ne kawai, don kaurin waya da irin maganaɗisu ma suna da tasiri.

Masu fikof mai batir irin EMG, ku wannan awon ba naku ba ne. Ku fara da sabon batir mai bolt 9, domin in ya yi sanyi tsagewa yake kawowa, kuma ku riƙa zare waya daga jita bayan kun gama, ita ce makunninsa.

Abu na ƙarshe, ka bambanta tsagewa da ƙugi. In kana jin "zuuu" ko ba ka kaɗa ba, musamman a kan janareta ko inbata, wannan wuta ce da rashin wayar ƙasa a soket, kuma ɗaga Gain yana ƙara shi. Cire cajar waya daga soket ɗin, ka matsa nesa da fanka da fitila mai tsawo, ka juya jikinka a hankali har ka sami inda ya lafa. Ka gwada waɗannan, in tsagewar tana nan ka turo mana rikodin na daƙiƙa 20 da hoton saitin amfilifayar mu saurara.